Kwalbar da Na Goya Zuwa Tudun Alli

Da sunan wanda ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa babu turke, ya rina bayinsa launi-launi bai shawarci kowa ba. Ku gyara zama ku ji labarin Marka 'yar Dudu, mai yankan rake a tsibirin Garwale, can bayan tekun da jiragen fatake ke juyawa gida. Ni ce Markar. Karatuna bai wuce na salla ba, kuma matsoraciya ce ni tun ina ƙarama, ko kaza ta yi fiffike a bayana sai gabana ya faɗi. Na faɗa muku tun yanzu, don kada ku zaci jaruma ce ta yi tafiyar nan.

Kogi ɗaya ya raba tsibirinmu biyu, ana ce masa Tsaga. A hayin gabas akwai Tudun Alli, garin farare masu benaye da jiragen ruwa. A hayin yamma mu ne, baƙaƙen Fadama. Mu shuka rake, mu yanka, mu dafa, su sha zaƙin. Duk shekara bayan yanka, ma'auna sukan haye wurinmu da wani kasko na jar ƙasa. Su tara yaran da suka fara famfara, su kara kaskon a damtsen kowane yaro. Wanda ya fi kaskon duhu namu ne. Wanda ya fi shi haske nasu ne, ko uwarsa za ta mutu don kuka.

Mijina baƙon matuƙin jirgi ne, fatarsa kamar ɓawon gyaɗa. Teku ta cinye shi ina da ciki. Na haifi mace, ta kwaso hasken ubanta kaf. Tun tana jaririya nake shafa mata toka da man kaɗe, ina shanya ta a rana kamar kuɓewa, ko Allah ya sa ta yi duhu. Ba ta yi ba.

To, mu a Fadama uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kuka a kansa ido na gani. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan". Ranar da kasko ya ci ta, aka ja hannunta zuwa kwalekwale, ta waiwayo tana nemana da ido. Manya na tsaye. Sai na kawar da kai, na ƙura wa tukunyar maƙwabta ido, har ƙarar filafili ta ɓace.

Shekaru suka tura, kaina ya yi furfura. Ran nan ina fiƙe adda sai ga Ajuji, ƙawata mai wanki, wadda ke hayewa Tudun Alli kullum da sauran mata masu wankin farare.

"Marka, zauna tukuna," in ji ta.

"In zauna a kan me? Faɗi kawai, ƙafafuna sun riga sun mutu."

"'Yar nan taki ce. Urabila suke ce mata yanzu. Ta auri ɗan mai jirage, ta haifi mace. Tun ranar haihuwar ba ta ci, ba ta magana, ba ta ba da nono. Ido a buɗe, amma babu kowa a ciki. Kin san abin da suke yi wa irinsu. Da iskar gishiri ta juyo, sai kwalekwale babu filafili, a tura ta teku."

Na dubi gona. Rake ya fara fure, kuma iskar gishiri ba ta daɗewa bayan fure.

Uwata Dudu godiyar iskoki ce a zamaninta, wato 'yar bori, ni kuwa da na ji ganga nake shigewa ƙarƙashin gado. Amma ranar nan da ƙafata na je mararrabar hanyoyi wurin Iya Gwamma, tsohuwar da suka yi girka tare da uwata. Rana na tsaka ta zana ƙasa da garin masara, zane mai rassa kamar saiwar gamji. Ta yanka baƙin zakara a tsakiya, makaɗa suka saki ganga. Can sai tsohuwar da ke dogara sanda ta yi tsalle ta dira, ta karkace hula, ta buɗe baki da muryar ƙato. Aljanin da ake kira Mai Mararraba ne ya hau ta.

"A'aha! 'Yar Dudu mai gudun ganga! Yau gadon ya yi miki kaɗan ne?"

"Ranka ya daɗe, 'yar nan ce ba lafiya," na ce.

"Wace 'yar? Duniya cike take da 'ya'ya." Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Saurara. Duk yaron da suka ɗauka, bokansu yakan zare masa kurwar gida, ya toshe a kwalba, don ya manta harshenku da fuskarku. Mutum yakan rayu haka ya yi ƙiba. Amma mace in ta haihu, jiki yakan nemi abin da uwa ta zuba masa don ya zuba wa na baya. In ya laluba bai samu ba, sai ya tsaya cak. Je ki Dajin Kwalabe, bayan gonakin Shiru, bayan farar hamada. Ki ɗauko, ki buɗe a bakinta. Mai gadin dajin, Ɗan Ƙulli, zai nemi gashinki guda. Abin da ya samu daga jikin mutum, da shi yake ɗaure mutum. Saura kuma ki gani da idonki."

Na ɗaura zani biyu, na ƙulle ƙanzo a gefen ɗaya, na kama hanya.

Gonakin Shiru rake ne iyakar gani, da mutane birjik suna yanka, amma babu waƙar aiki, babu tari, babu mai share gumi. Waɗannan su ne aka zare musu kurwa gaba ɗaya, aka bar gangar jiki tana aiki. Masu tsaronsu na bisa dawakai da bulala, duk wanda suka ga alamar rai a idonsa sai su kama shi su kai wa boka. Ba wata gajeriyar hanya sai ta tsakiyarsu, ni kuwa ina sauri. Na tsinci wata yasasshiyar adda, na shiga layi, na saki kafaɗa, na kashe ido. Wani mai doki ya zo ya tsaya a kaina. Ya kaɗa bulala daf da kunnena, fyau! Fitsari ya zubo mini har idon sawu, amma fuskata ba ta motsa ba. Ashe macen da ta shekara tana wucewa ta gaban farare ta daɗe da iya tafiya kamar babu kowa a jikinta. Ya yi tsaki ya wuce. Na bi layin ina yanka ina matsawa, har raken ya ƙare.

Farar hamada gishiri ce zalla, tana ƙyalli har ido ya yi hawaye. Ta farfasa mini dugadugai, kowane taku kamar an zuba barkono a miki. Akwai tsuntsaye a can masu fuka-fukan gilashi, in sun tashi sai inuwarsu ta faɗo ƙasa launi bakwai. Ban tsaya kallo ba. Ni dai ina ta lasar leɓe ina shinshina iska, ina cewa ko ta juyo, ko ta juyo.

Kafin in ga Dajin Kwalabe na ji shi. Wani irin amo ne siriri, kamar yara na wasa da cokula a nesa. A bakin dajin wani tsoho na zaune a kan buzu, gemunsa fari har cibiya, yana tsefe shi da yatsu. 'Yan tsana na reto a rumfarsa ba iyaka, kowace an ɗaure mata ƙafafu da jan zare.

"Maraba da uwar wani," in ji Ɗan Ƙulli. "Ba na hana kowa shiga. Gashi guda kawai, ladan mai gadi."

Na zube a gabansa na durƙusa, irin gaisuwar da ake yi wa manya a Fadama, goshi kusa da ƙasa. Na gaishe shi da gajiya, na gaishe shi da iyali, da zafi, da aiki, da kwanan dabbobi, har na tambayi lafiyar buzun. Yana ta "lafiya lau" yana hura hanci don jin daɗi. Ni kuwa idona na kan buzun, inda gashin gemunsa ya zuba. Na danne guda da ɗan yatsa, na kai hannu kamar ina gyara kallabi, na zaro shi ta ƙarƙashi ina yamutsa fuska.

"Ga shi, Baba. Duk furfura ce, ka yi haƙuri."

"Furfura ta fi kama ɗauri," in ji shi. Ya naɗa shi a wuyan wata sabuwar 'yartsana, ya nuna mini hanya da haɓa.

Wayyo, jama'a. Itatuwa ne dogaye babu ganye, kowane reshe kwalabe ne ke lilo, kore da shuɗi da ruwan ƙasa, cikin kowace akwai ɗan haske yana numfashi. Ba lamba, ba alama. Na zagaya har jiri ya kama ni.

"Kiranta za ki yi," Ɗan Ƙulli ya ɗaga murya daga rumfa. "Kurwa ba ta amsa wa kowa sai muryar uwa."

Na gyara murya na ce, "Ke!"

Dajin gaba ɗaya ya amsa. Dubban kwalabe suka kaɗa a tare, kowace na cewa "Na'am, Inna?" Na toshe kunne na durƙushe.

"Ke 'yar nan!" na sake cewa. Suka sake amsawa, har da na maza.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Da suna, baiwar Allah, da suna! 'Yar fari ce, ko? Na gane tun daga tafiyarki. Uwar na tsakiya da uwar auta sukan kira, kwalba ta faɗo, ni kuma in ɗaure ƙafar 'yartsana in karɓe abina. Amma uwar ɗan fari ba ta taɓa sa ni wahalar ɗauri ba. Su zo har nan, su yi ta ke, su yi ta kai, su koma da kunyarsu. Na fi son ku, wallahi. Kun fi kowa tarbiyya."

Ku da ba 'yan Fadama ba za ku ce mene ne a ciki. Ni kuwa sunan nan tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ko ni kaɗai a ɗaki. In wata mai sunan ta zo sayen rake, "takwarar 'yar nan" nake ce mata. Na buɗe baki, sai na ji kamar an ce in tuɓe zani a tsakiyar kasuwa. Na ga fuskar uwata, na ga ta kakata, duk sun zuba mini ido. Na motsa leɓe a hankali, iska kawai ta fita.

"Kurwa ba ta jin raɗa!" in ji tsohon.

Sai wata iska ta taso daga gabas ta kaɗa kwalaben. Na lashi leɓena, na ji ɗanɗanon teku. Ta fara juyowa.

Na miƙe, na dafe ƙirji da hannu biyu, na rufe ido, na kwarma ihu.

"Hansatu! Hansatu, taho mu tafi gida!"

Dajin ya yi tsit. Can sama wata 'yar koriyar kwalba ta tsinke, na tara zani, ta faɗo ciki da ɗumi kamar ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ban san inda zan sa ta ba, sai na goya ta a baya, na ɗaure da zani na biyu, na zura da gudu ta gaban rumfa.

"Sauka lafiya!" in ji Ɗan Ƙulli yana murmushi. Ya ɗauko 'yartsanar, ya zagaya mata jan zare a ƙafafu, ya ja da ƙarfi. Ƙafafunsa suka haɗe, ya kifa da fuska a kan buzu. Ya yi zaton zaren ne bai kama ni ba, ya ƙara ɗaure hannuwan. Har na shiga hamada ina jin shi yana zagin kakannina.

Goyon nan kuwa yana ta ƙara nauyi, har ya kai nauyin yarinya mai famfara. Ina cikin tafiya sai na ji 'yar murya a bayan kunnena.

"Inna, ina jin ƙishi."

Na kusa faɗuwa. "Yi haƙuri, mun kusa."

"Inna, ke ce kika kira ni? Ashe kin san sunana."

"Ni na zaɓa miki shi."

Sai ta ce, "Da aka sa ni a kwalekwale, me kike kallo a tukunyar su Ajuji?"

Na gyara goyon, na ce, "Babu komai a ciki. Ke nake gani a jikinta."

Na zagaye gonakin Shiru ta bakin ruwa, don mai goyon da ke magana ba ta iya kashe ido. Na isa mashigin Tsaga da hantsi, na tarar mata masu wanki na shiga jirgin fito. Ajuji ta ɗora mini ƙunshin kaya a ka, ta ja ni tsakiyarsu. Muna tsakiyar kogi ta matso kunnena.

"Yau ne, Marka. Sun shafe kwalekwalen da farar ƙasa tun jiya. Kuma akwai abin da ban faɗa miki ba. In ta farka da harshen Fadama a bakinta, za su ce ta koma baƙa. Ba za su kai ta teku ba, amma za su jefo ta hayinmu, su riƙe jaririyar. Ba za ta ƙara ganinta ba."

"Sai yanzu kike faɗa mini?"

"Da na faɗa tun farko, da kin zauna kina lissafi har iska ta wuce. Na san ki."

A ƙofar Tudun Alli dogarai na duba kaya. Ɗaya ya nuna bayana da sanda. "Ke, mene ne wannan?" Daidai nan muryar cikin kwalbar ta ce, "Inna, wane ne?" Sai na ji bakina na cewa, "Yarinya ce, ranka ya daɗe, ƙuraje ne suka feso mata jiya. Wai agana ce, amma ni ban yarda ba. Bari in kwance ka duba mini." Na kama bakin zani. Ya yi tsalle baya yana toshe hanci da hula. "Wuce, wuce, kada ki taɓa kowa!"

Ajuji ta bi da ni ta matakalar bayi har ɗakin sama, ta tsaya gadi a ƙofa. Mutanen gidan duk suna ƙasa suna shirya makara. Na ga mace kwance a kan gado mai labule, doguwa, ƙasusuwan wuya a waje, ido a buɗe yana kallon rufi. Goshin uwata ne sak. A gefe jaririya na kuka a cikin kwando, muryarta ta dushe.

Na cire toshiyar, na kara kwalbar a leɓenta. Hasken ya gangara kamar zuma. Bayana ya yi sakayau. Ta ja dogon numfashi, idon ya juyo, ya sauka a kaina, ya cika.

"Inna," ta ce, da harshenmu, da muryar babbar mace. Ta cafke wuyan hannuna. "Inna, na ji kin kira ni. Sake faɗa."

Ajuji ta leƙo. "Suna hawowa!"

"Hansatu, saurare ni da kyau," na ce. "In suka ji harshen nan a bakinki, za su raba ki da 'yarki yau ɗin nan. Ba ki san ni ba. Kin ji? Mai wanki ce ni."

"Ba zan iya ba. Yanzu fa na same ki."

"Za ki iya, jinina ce ke. Kada ki kalle ni, nan ne ake faɗuwa. Nemi wani abu ki ƙura masa ido. Bango, buta, ko mene ne. Ki sa ni a jikinsa, ki yi ta kallo. Haƙoranki kuma ki danne harshe da su har su tafi."

"Haka kika yi?"

"Sake mini hannu."

Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na cusa kwalbar cikin ƙunshi, na durƙusa ina tattara zannuwan gado. Ƙofa ta buɗe. Uwar mijinta ce, wata doguwar fara mai baƙaƙen kaya, da maza biyu riƙe da makara. Ta ga mara lafiya zaune, ta tsaya turus. Na tsinci harshensu kaɗan a bakin mijina, don haka na ji abin da ta ce.

"Urabila? Kin tashi?" Ta dube ta, ta dube ni, idonta ya ƙanƙance. "Wace ce wannan baƙar a gefen gadonki? Kin san ta?"

Ban ɗaga kai ba. Ta wutsiyar ido na ga 'yar nan ta juya fuska, ta ƙura wa butar ruwa da ke kan taga ido. Na fara salati a zuci.

"Mai wanki ce," ta ce da harshensu, murya a bushe. "A miƙo mini 'yata, tana jin yunwa."

Tsohuwar ta matso, ta kama haɓarta, ta leƙa cikin idon kamar mai duba ƙwai a rana. Idon bai bar butar ba. Can ta sake ta, ta yi wa mazan alama su fita da makarar, ta ɗauko jaririyar da kanta ta miƙa. Kukan ya tsaya. Na ji ƙarar tsotso, na ɗora ƙunshi a ka, na nufi ƙofa.

"Ke, mai wanki," in ji muryar 'yar nan a bayana. Na tsaya ban waiwaya ba. "Zannuwan nan ba sa fita yadda nake so. Daga yau ke za ki riƙa zuwa da kanki kina karɓa, in sun yi dauɗa in san wadda zan yi wa faɗa."

"To, uwar ɗakina," na ce.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, wanda ya ƙara gishiri nauyin na wuyansa. Na ajiye adda, na zama mai wanki. Ranar karɓar kaya nakan hau matakalar bayi, in durƙusa a bakin ƙofa, 'yar nan ta turo ƙunshi da ƙafa tana kallon taga, ta yi mini faɗan tabon da babu shi. Rigunan jikata suna ta ƙara tsawo a hannuna, kwanan nan ma na ga gwiwar wando ta fara cinyewa, alamar rarrafe. Ita kuwa uwar, ko sau ɗaya ba ta yi kuskuren kallona ba. Ajuji takan ce duk Fadama babu wadda ta iya koyar da 'ya kamar ni. Sai in ce ta rufe mini baki ta miƙo sabulu.